Rijiyoyin Doba sun tsufa: wane famfo ne zai ci gaba da fitar da man Cadi?

Tun shekarar 2003 ake haƙo ɗanyen mai a yankin Doba da ke kudancin Cadi, ana tura shi ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kribi a gaɓar tekun Kamaru. Filayen Kome da Miandum da Bolobo, waɗanda aka fara da su, sun haura shekara 20 suna aiki, kuma man da suke bayarwa ya ragu ƙwarai. Kamfanin ExxonMobil ya sayar wa Savannah Energy kasonsa a ƙarshen 2022, sannan a watan Maris na 2023 gwamnatin Cadi ta mayar da kadarorin mallakar ƙasa. An yi ta muhawara kan wane ne mai rijiyoyin. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: da wane famfo za a ci gaba da jawo man, kuma nawa zai ci?

Rijiyar mai sabuwa takan turo mai sama da ƙarfin kanta. Idan shekaru suka ja, ƙarfin ya ragu, dole a zura mata famfo. Daga nan lissafin ya koma irin na ɗan kasuwa: muddin kuɗin lantarki da gyara ya fi kuɗin man da ake samu, rufe rijiyar za a yi, ko da akwai sauran mai a ƙasa.

Kafin a zaɓi famfo, sai an bambanta rijiya iri biyu, domin dukansu ana ce musu masu ƙarancin mai. Ta farko ruwanta da manta duka kaɗan ne, ganga kaɗan take tarawa a yini. Ta biyu tana fitar da abu mai yawa, amma galibinsa ruwan gishiri ne, man ɗan kaɗan. Wannan matsala ta biyu sananniya ce a Doba, inda ruwa ya daɗe yana rinjayar mai, ga shi kuma man yankin mai kauri ne.

Famfon lantarki da ake nutsarwa ƙasan rijiya, wanda ma'aikata ke kira ESP, shi ne gwani wajen ɗaga abu mai yawa. Saboda haka ya dace da rijiya iri na biyu. Sai dai injinsa na can ƙasa, kuma abin da ke wucewa ta jikinsa ne ke sanyaya shi. Idan rijiyar ta daina kawo isasshe, injin ya yi zafi ya ƙone. Canza shi kuwa sai an kawo babbar na'urar gyaran rijiya an zaro bututun gaba ɗaya, rijiyar na zaune ba ta kawo ko sisi.

Famfo mai sanda, wanda kansa ke sunkuyawa yana ɗagowa kamar doki, tsohon yayi ne, amma shi ya riƙe dubban ƙananan rijiyoyi a Amurka, inda ake lissafa rijiyar da ba ta wuce ganga 15 a yini ba cikin masu ƙaramin ƙarfi. Injinsa a sama yake, makaniki na ganinsa da ido. Ana iya kashe shi na wasu sa'o'i har rijiyar ta sake taruwa, sannan a tayar. Rauninsa shi ne yashi da iskar gas, da kuma rijiyar da aka haƙa a karkace, inda sandar ke goga bututu har ta cinye shi.

Na uku shi ne famfo mai murɗaɗɗen ƙarfe da ke juyawa cikin roba, PCP, wanda injiniyan Faransa René Moineau ya ƙirƙiro a wajajen 1930. Yana jure mai mai kauri da yashi, kuma ba ya shan lantarki da yawa. Amma robar ba ta son zafi mai tsanani, kuma idan famfon ya juya babu komai a ciki, nan da nan take lalacewa.

Ke nan babu famfo guda da zai yi wa dukan rijiyoyin Doba. Kowace sai an auna ta: nawa take kawowa, kashi nawa ne ruwa, akwai yashi ko babu. Haɗarin da ke gaban kamfanin gwamnati shi ne ya ci gaba da sayen irin kayan da ya gada, waɗanda aka zaɓa lokacin da rijiyoyin ke da ƙuruciya, don kawai su aka saba da su. Farashin saye ma ba shi ne ma'auni ba. Cadi ba ta da teku, kayan gyara sai sun sauka a tashar Duwala sun yi doguwar tafiya ta ƙasa. Famfon da za a iya gyarawa a Kome ko Mundu ya fi wanda za a jira wa kaya daga ƙetare, ko da na biyun ya fi shi ƙarfi a takarda. Ruwan da aka jawo shi ma nauyi ne, domin sai an raba shi da mai an mayar da shi ƙasa, kuma manoman yankin ne ke fara ɗanɗana kuɗarsu idan aka yi sakaci.

Maganar ta shafi wanda bai taɓa ganin rijiyar mai ba. Kuɗin mai ne ƙashin bayan kasafin kuɗin Cadi. Duk rijiyar da aka rufe kafin lokacinta, giɓi ne a baitulmalin da ke biyan albashi, kuma idan albashi ya makara, ɗan kasuwar Injamena ko Mundu a cinikinsa yake gani.

Nijar ma tana da abin dubawa a nan. Man Agadem ya fara zuwa matatar SORAZ ta Damagaram a 2011, kuma a 2024 aka fara fitar da shi ta bututun da ya kai Seme a Benin. Rijiyoyin da suka fara aiki a 2011 su ma shekaru na ja musu. Horar da matasan da za su iya auna rijiya su gyara famfonta ya fi sauƙi yanzu da kuɗi ke shigowa, kafin ranar da babban kamfani zai ga ribar ta yi masa kaɗan.