Jiran Gurbin Karatun Likita: Zuwa Da Kai Ya Fi Aike

Kowace shekara, da jami'o'i sun fitar da jerin farko na waɗanda suka ɗauka, sai ka tarar da gidaje a Talata Mafara da Bakura da Maradun an yi jugum. Yaro ya ci jarrabawar JAMB, an tantance shi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato don karatun likita, amma sunansa bai fito ba. Sai uba ya ce an zalunce su, yaro kuwa ya naɗe takardunsa ya koma gona. Muna so jama'a su gane cewa rashin fitowa a jerin farko ba shi ne ƙarshen magana ba.

Da farko, ƙofar karatun likita ƙunci gare ta. Hukumar da ke kula da aikin likitoci a Nijeriya ita ce ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta koya wa likitanci, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwaje-gwajenta da gadajen asibitinta na koyarwa. Wadda ta ƙetare iyaka tana iya rasa izninta. Watau ko shugaban jami'a ba shi da ikon ƙara kujera don ya ga dama.

Su kuwa guraben, a jami'o'in Gwamnatin Tarayya kashi uku ake raba su. Kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka fi maki ne ko daga ina suka fito, kashi 35 na jihohin da ke kewayen jami'a, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani. A Sakkwato, ɗan Zamfara yana da rabo a duka ukun. Don haka wanda ya rasa ta ƙofar farko, sauran biyu na nan.

Tun 1978 JAMB ke shirya jarrabawar shiga jami'a, amma daga 2017 ta mai da ɗaukar ɗalibai kan wani tsari na intanet da ake kira CAPS. Jami'a ta zaɓa, JAMB ta amince, sa'an nan yaro ya shiga da kansa ya karɓa. Cikin waɗanda aka ba gurbi, wasu ba su karɓa cikin wa'adi, wasu kuma a tarar ba su da kiredit biyar da ake nema, watau Turanci da Lissafi da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji. Guraben nan da suka koma fanko su ne ake cikewa a jeri na biyu da na uku.

To, a nan ne yaranmu suka fi yin asara. Wani ya yi rajista da lambar wayar mai shagon kwamfuta, saƙo ya zo ba wanda ya gaya masa. Wani bai ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafin JAMB ba, alhali wanda bai ɗora ba ba a duba shi. Ga kuma halin ƙasarmu. A Satumba 2021, bayan sace 'yan makarantar Kaya ta ƙasar Maradun, an rufe makarantu, an kuma katse layukan waya a Zamfara. Har yau akwai ƙauyukan da sai an yi tafiya kafin a sami layi.

Wajibi ne mai jira ya riƙa duba shafinsa a kai a kai, ya kuma kai tambayarsa ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'a ko ofishin JAMB na Gusau cikin ladabi. In an yi masa tayin komawa wani fanni, kamar aikin jinya ko harhaɗa magunguna, ya yi shawara da malamansa tukuna, domin da ya karɓi gurbi ɗaya an daina duba shi a wani, sakamakon JAMB kuwa na shekara ɗaya ne kawai.

Muna kuma gargaɗin iyaye game da dillalan da ke karɓar kuɗi wai za su sama wa yaro hanya. Gurbin da bai bi ta CAPS ba JAMB ba ta san da shi ba, kuma ranar tafiya bautar ƙasa asiri ke tonuwa, bayan an sayar da shanu an ɓata shekara shida.

Lalle wannan aiki ya fi ƙarfin yaro shi kaɗai. Ya kamata kowane shugaban makarantar sakandare ya sa malami guda ya riƙe sunayen masu jira, ya bi su har a rufe ɗauka, ƙananan hukumomin nan uku kuma su tanadi wurin dubawa kyauta a sakatariyarsu. Muddin ana ɗaukar marasa lafiyarmu zuwa Gusau da Sakkwato saboda ƙarancin likitoci, gurbi ɗaya da ya suɓuce don sakaci asara ce ga kowa. Allah ya sa mu gyara, amin.