Sunan da Yaro Zai Je da Shi Makaranta

Jama'a, kafin a yanka ragon suna, ku kira sunan nan da ƙarfi, yadda malamin firamare zai kira shi gaban 'yan aji. Kakanninmu da suka sa wa ɗa Ajuji suna da dalilinsu: 'ya'ya sun yi ta rasuwa, sai aka nuna kamar ba a damu da wannan ba, ko ya tsaya. Na fahimce su, amma yaron ne zai sha "ɗan juji" a filin ƙwallo har ya daina amsawa. Yau kuma a waya ake tsinto suna, ba a bincika ma'anarsa. Annabi (SAW) da kansa ya sauya wa 'yar Sayyidina Umar suna mai ma'anar saɓo, ya kira ta Jamila. Don Allah, ku tambayi malami tun kwana bakwai ba su cika ba.