Ƙwayar Bitamin Ba Ta Maye Gurbin Likita

Daga wani Jami'in Ilmi, Kano

A watan jiya, ina cikin rangadin duba makarantu a ƙasar Gaya, na ya da zango a Gafasa ta ƙaramar hukumar Ajingi. Bayan an tashi yara, wani dattijon malami da na daɗe da sani ya ja ni gefe, ya zaro wata 'yar kwalaba daga aljihu, ya ce in karanta masa ƙananan rubutun da ke jikinta, don idonsa ya fara rauni. An rubuta Niacinamide, miligiram 500. Ya ce wani mai talla ne ya sayar masa ran kasuwa, ya rantse masa tana warkar da ciwon gwiwa, tana kuma sauke sukarin jini. Na ce, "To Malam, ina maganin sukarin da asibiti suka ɗora ka a kai?" Sai ya sunkuyar da kai, ya ce wata biyu ke nan da ya ajiye shi, don albashi ba ya isa a sayi biyu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Tun zamanin En'e har yau, malamin makaranta da akawu su ne idon ƙauye. Su a ke kawo wa wasiƙa, su a ke kawo wa kwalin magani. In mu da kanmu muka ruɗu, wa zai fahimtar da talakawa?

Da fari dai, ƙwayar nan ba guba ba ce, ba kuma sabon abu ba ce. Wani nau'i ne na bitamin B3, wanda jiki ke bukata don ya sarrafa abinci ya zama ƙarfi. Rashinsa ke kawo cutar pelagira, wadda fata kan yi baƙi ta tsattsage inda rana ke bugu, ga gudawa, ga ruɗewar hankali. Cutar ta kashe dubban matalauta masu dogara ga masara zalla a kudancin Amurka. Likita Joseph Goldberger ya fara bincikenta a 1914, ya nuna daga abinci ta ke, ba ɗaukarta a ke yi ba. A 1937 kuma Conrad Elvehjem ya gano ainihin abin da ya yi ƙaranci. Ga mai wannan cuta lalle ƙwayar magani ce sahihi.

Amma nawa jiki ke so? Miligiram 16 ga namiji a yini, 14 ga mace. Giram 100 na ɓararriyar gyaɗa kuwa yana ɗauke da wajen miligiram 12. Ashe mu da aka san Kano da dalar gyaɗa, bitamin ɗin da a ke sayar mana da tsada yana nan cikin ƙuliƙuli da kunun gyaɗa da miyar taushe. Akwai shi a hanta da nama da kifi, kuma jiki na iya ƙera shi daga nono da ƙwai.

To, ina zancen gaɓoɓi ya samo asali? Ba mai talla ne ya ƙaga shi ba. Wani likitan Amurka, William Kaufman, ya wallafa littafi a 1949, ya ce ya ba marasa lafiyarsa ƙwayar da yawa, gaɓoɓinsu suka saki. Sai dai shaidar mutum guda ce a kan aikin kansa. A 1996 aka yi wani ɗan gwaji da mutum 72 masu ciwon zaizayewar gaɓa, na mako 12, aka ba waɗansu miligiram 3,000 kullum, waɗansu kuwa ƙwaya marar magani. Waɗanda suka sha ta gaske gaɓoɓinsu sun ɗan ƙara motsi, sun kuma ɗan rage shan maganin kumburi. Amma zafin ciwon bai sauya ba. Duk malamin da ya taɓa gyaran jarrabawa ya san ba a yanke wa lardi hukunci da sakamakon aji biyu.

Zancen sukari ya fi wannan muni, domin an gwada shi sosai, ya kuwa faɗi. An tattaro mutum 552 daga ƙasashen Turai da Kanada da Amurka, dangin masu irin ciwon sukarin nan da ya fi kama yara, waɗanda a ke tsoron su ma zai kama su. Shekara biyar rabi na shan ƙwayar, rabi na shan marar magani. Da aka bayyana sakamako a 2004, mutum 82 sun kamu a cikin masu sha, 77 a cikin sauran. Watau ba ta hana kome ba. Balle irin wanda ke kama manya, kamar na malaminmu: babu likitan da zai ba da ita a madadin maganinsa. Har ma 'yar'uwarta da a ke kira nayasin, in an sha da yawa, ƙara sukarin jini ta ke yi.

Wani zai ce, "Ai bitamin ne, in bai yi magani ba, ba zai cutar ba." A nan kuskuren ya ke. Miligiram 3,000 ya kusa ninki ɗari biyu na bukatar jiki, kuma irin wannan yawa yana iya kawo tashin zuciya, ya kuma taɓa hanta. Babbar cutarwa kuwa ita ce wadda na gani a Gafasa. Ciwon sukari ba ya ihu. Mutum na yawonsa, ciwon na cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a hankali, sai ran da ƙaya ta soke shi miki ya ƙi warkewa. Shi ya sa raunin idon malamin nan ya tsaya mini a rai.

Ba na zargin wanda ya saya. Magani ya yi tsada, asibiti da nisa, mai talla kuwa ga shi a bakin ƙofa da daɗin baki. Amma araha ba ta ado. Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana malamai da akawuna abu uku. In an kawo muku kwalaba, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ku kuma tuna lambar rajista ba ta zama shaida ga abin da mai talla ya faɗa da baki. Na biyu, kada ku bar kowa ya ajiye maganin sukari ko na hawan jini sai da izinin likita. Na uku, mai ciwon gwiwar da ya daɗe ya fara da asibitin Gaya, in ta kama a tura shi asibitin ƙashi na Dala. In yana son shan bitamin ɗin, ya tafi da kwalabar ya nuna.

Malamin nan ya yi mini alkawari zai koma awon jini, kuma zan bi sawu in na sake zagayowa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya, amin.