FILIN SANA'A: Lu'ulu'u da waya, jari kaɗan, amana mai yawa

Duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko rumfunan masu kayan ado na Yamai a jajibirin salla, ya ga sarƙoƙi da ƴan kunne farare masu sheƙi an baje su bisa tebura, masu saidawa suna kiransu lu'ulu'u. Mafi yawansu a haɗe suke zuwa daga ƙasashen waje. Amma akwai ƴan mata da matan aure da suka gane cewa ana iya sayen duwatsun tsurarsu, a sayi waya, a zauna cikin ɗaki a haɗa abin da ya fi na kanti ƙarko. Filin wannan mako nasu ne, musamman wadda yanzu take shirin sa hannu. Abin da ya kamata ta fara sani shi ne, wannan sana'a ba ta cin jari mai yawa, amma tana cin amana, domin kuwa mai saye ba ta iya rarrabe dutsen gaske da na jabu, ba ta kuma san irin ƙarfen da za ta sa a kunnenta ba. Maganar mai haɗawa kaɗai take bi.

Sana'ar da ba ta neman wuta

A ƙasar Hausa ƙira gado ce. Maƙeran farfaru, masu aikin azurfa da tagulla, da takwarorinsu na Agadas da suka yi suna wajen zubin azurfa, sai sun tanadi gawayi da zugazugi, sun kuma shafe shekaru gaban iyayensu kafin hannunsu ya faɗa. Naɗin waya ya sha bamban da wannan. Ba a narka kome, ba a like kome da wuta. Wayar ce ake lanƙwasawa a naɗe ta a jikinta har ta riƙe dutsen. Shi ya sa wadda ba ta gaji ƙira ba, ko ɗiyar lakkol a lokacin hutu, take iya koyonta bisa tabarma.

Kayan aikin uku ne, dukansu ƙananan awartaki, waɗanda ƴan kasuwa suka fi sani da filaya. Akwai mai baki mulmulalle, da shi ake yin kewaye. Akwai mai baki shimfiɗaɗɗe marar haƙora, da shi ake riƙo da lanƙwasa. Akwai kuma mai yanka. Filayar masu gyaran babur ba ta yi, don haƙoranta suna ƙarzar waya su bar tabo.

Daga ina lu'ulu'u yake?

Faransanci ya taimaka wajen rikita al'amarin, domin kalma guda ce, «perle», ake kiran lu'ulu'u da ita, ake kuma kiran tsakiya da dutsen jigida. Alhali kuwa lu'ulu'un gaske ba dutse ba ne, ba kuma kwalba ba. Wata halittar ruwa ce mai ɓawo biyu, wato kawa, ke yinsa cikin jikinta. In wani baƙon abu ya shige ta, sai ta yi ta lulluɓe shi da irin sinadarin da ta shafe cikin ɓawonta, shafi bisa shafi, har shekaru. Alƙur'ani mai girma ya ambace shi tare da murjani cikin Suratur Rahman, ke nan darajarsa ba ta yau ba ce.

A da, masu nutso ne ke ciro shi daga ƙarƙashin teku, musamman a gaɓar Baharain da maƙwabtanta, kuma sai an buɗe kawa masu ɗimbin yawa kafin a dace da ƙwaya guda ta kirki. A shekarar 1893 wani mutumin Japan mai suna Kokichi Mikimoto ya yi nasarar sa kawa ta yi lu'ulu'u da gangan, ta hanyar dasa mata ɗan abu a jiki. Na farkon rabin ƙwallo ne, daga baya aka kai ga mulmulalle. Kafin shekarun 1930 su ƙare, wannan lu'ulu'un kiwo ya durƙusar da sana'ar nutso a ƙasashen Larabawa na gaɓar teku, waɗanda Allah ya musanya musu da man fetur, wanda aka haƙo a Baharain a 1932. A yau ƙasar Sin ce ke kan gaba wajen kiwon lu'ulu'u cikin tafkuna da gulabe, inda kawa guda kan ba da ƙwaya fiye da 20, kuma babbar kasuwarsa tana garin Zhuji. Wannan na ruwan daɗi shi ne na gasken da ƙaramin jari ke iya kai wa gare shi. Sau da yawa ba ya mulmuluwa sarai: wani kamar ƙwayar shinkafa, wani kamar ɗan dankali.

Shi ma na jabun tsoho ne. Tun ƙarni na 17 wani mai yin carbi a birnin Paris, ana ce da shi Jacquin, ya gano yadda ake tatsar sheƙi daga ɓawon kifi a shafe kwalba da shi. Har yau dabarar ba ta canza ƙwarai ba: ƙwallon kwalba ko na roba ne aka yi wa shafi. Irinsa ne ya fi yawa cikin kayan da fatake ke kawowa daga Kano da Dubai da Sin, kuma ba shi da laifin kome in an kira shi da sunansa.

Gane su ba wuya. In aka goga na gaske a hankali bisa haƙori, akan ji ɗan gurzi kamar rairayi, na jabu kuwa sulɓi ne da shi. In aka duba bakin hudar, na jabu yakan nuna inda shafin ya tattare ko ya fara ɓarewa. Na roba ba shi da nauyi, ba shi kuma da sanyi a tafin hannu. Sa'an nan in ƙwayoyin zare guda duka girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, ba mai ko ɗigon tabo, ga kuma araha, to injin ne ya yi su. Mai koyo ta yi wannan gwaji gaban mai kanti kafin ta ƙirga kuɗi.

Waya da kaurinta

Hudar lu'ulu'un gaske ƙarama ce, galibi ba ta kai milimita guda ba. Saboda haka wayar da ke ratsa shi ita ce mai kaurin milimita 0,4 zuwa 0,6, kuma mai 0,5 ta fi dacewa da mai farawa. Mai kaurin 0,8 ta ƙugiyar kunne ce da maɗaurin sarƙa. In waya ta ƙi shiga, kada a tura ta da ƙarfi, a sauya siririya, don tilas kan ɓantare bakin hudar.

Ba a fara koyo da azurfa, ba a kuma fara shi da lu'ulu'un gaske. Tsohuwar wayar lantarki da aka feɗe, ko ragowar wayar tagulla ta masu naɗin fanka, tare da tsakiya mai araha, sun isa makaranta. Tagulla tana da wani hali da ya kamata a sani: duk lanƙwasar da aka yi mata ƙara mata tauri take yi, in aka yi ta kai da kawowa a wuri guda sai ta karye. Ke nan wayar da aka ɓata ba ta gyaruwa da miƙewa, yanke ta ake yi a ɗauki wata.

Ƙulli guda da ya riƙe sana'ar

Dukan aikin bisa abu guda yake tsaye, shi ne kewaye mai naɗi. Ana yanke waya kamar santimita 7. A riƙe ta da filaya mai shimfiɗaɗɗen baki, a bar kamar santimita 3 daga ƙarshe, a lanƙwasa ta ta yi kusurwa kamar ta bango. Sai a ɗauki mai mulmulallen baki a kama kusurwar, a zagayo da jelar wayar ta bisa bakin har ta yi zobe cikakke, ta gitta uwar wayar. Daga nan a danne zoben da filaya, a kama jelar a naɗe ta a wuyan wayar sau 2 ko 3, naɗi kusa da naɗi, ba mai hawa kan wani. A yanke ragowar daf da jiki, a lallaɓa tsinin ya kwanta. Sai a zura lu'ulu'un, a bar ɗan wuya daidai da na farkon, a maimaita a ɗaya ɓangaren. In sarƙa ake haɗawa, ana saƙala zoben da ake yi cikin na ƙwayar da ta gabata kafin a naɗe shi, don in an rufe ba ya sake buɗuwa.

Nan ne kayan hannu suka fi na kanti. Yawancin na kanti zobensu a buɗe yake, an dai matse bakinsa ne kawai, shi ya sa da mayafi ya fizge shi sai duwatsu su watse a tsakar gidan biki. Naɗaɗɗen zobe kuwa sai dai wayar ta tsinke.

Kurakuran masu koyo sanannu ne. Akwai zobba marasa daidaito, maganinsu a yi alama da alƙalami a bakin filaya, a riƙa kama waya a wuri guda kullum. Akwai matse naɗi har ya ci fatar lu'ulu'u, alhali taushi gare shi, wuƙa ma tana karce shi. Mafi muni shi ne barin tsini a waje, wanda ke yagar wuya ya kuma ja zaren leshi. Kafin abu ya bar hannun mai shi, ta shafa shi da yatsa, ta ja shi bisa tsohon ƙyalle. In ya kama zare, aikin bai ƙare ba. Wadda ta yi zobe 100 da wayar banza kafin ta taɓa kayan saidawa ba ta yi asarar lokaci ba. Da koyo akan iya.

Abin da ake gaya wa mai saye

Ƙarfe yana da nasa zance. Tagulla tsura takan bar kore a fata in an yi gumi, ba cuta ba ce, amma wajibi ne a faɗa. Wayar da aka yi wa ruwan azurfa ko na zinariya tana koɗewa, ba kuwa azurfa ba ce. Azurfar kirki ita ce wadda ake wa lamba 925, wato kashi 925 cikin 1000 azurfa ne. Sa'an nan akwai wani farin ƙarfe da ake kira nikel, wanda ke cikin ƙugiyoyi masu araha da yawa, yana sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da kumburi da ruwa a kunne. Tun 1994 ƙasashen Tarayyar Turai suka ƙayyade shi cikin kayan da ke taɓa fata. A kasuwannin nan kuwa mai haɗawa ita ce mai tsaron ƙofa. In jari bai kai ga azurfa gaba ɗaya ba, a ƙalla ƙugiyar da ke ratsa kunne ta zama ta azurfa, maƙeran gari suna iya ja mata waya. Jarirai kuma kada a yi musu masu lilo, don ƙwaya tana iya ficewa ta faɗa baki.

In lu'ulu'un na gaske ne, mai saye tana da hakkin a koya mata riƙonsa. Ba ya shiri da turare da humra da man shafawa da ruwan tsami, duka suna dusashe shi. Shi ne na ƙarshen sawa in an gama kwalliya, shi ne na farkon cirewa. Bayan gumi a goge shi da ƙyalle mai laushi. Zafin bazara na Tawa da bushewar hunturu ma ba sa yi masa daɗi, kada a bar shi cikin rana ko kusa da kaskon turaren wuta, kada kuma a zuba shi gwangwani guda da sarƙoƙin ƙarfe.

Wajen sa farashi, masu farawa sukan ƙirga kuɗin kaya su manta da kansu. A ɗauka ƴan kunne sun ci kayan dala 60, wato sefa 300. Wadda ta saida su dala 70 tana zaton ta ci riba, alhali ba ta sa wayar da ta lalace ba, ba ta sa kuɗin zuwa kasuwa ba, balle zaman da ta yi. Littafi ɗan ƙarami da ake rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita yana cikin kayan aiki, kamar filaya.

Jarabawar da ta fi kowace girma ita ce ta suna. Mace ta zo neman kayan lefen ɗanta, ta ɗaga sarƙar kwalba ta ce: «Hajiya, wannan na gaske ne?» Kalma guda tana iya ninka farashi. Amma shafin zai ɓare kafin shekara ta zagayo, kuma a unguwa kowa ya san ɗakin da abin ya fito. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ban da haka, algus haramun ne a addini, abin kunya ne a al'ada. Wadda ta ce wannan kwalba ne, ga kuɗinsa, wannan na kiwo ne, ga nasa, ita ce za a aiko wa ƙanwa da maƙwabciya. Ita ce kuma za ta iya tsayawa wata rana a ƙauyen masu sana'a na Wadata, ko a baje kolin SAFEM na sana'o'in mata da aka soma a Yamai a shekarar 2000, inda masu saye suke juya abu su duba bayansa kafin su tambayi farashi.

Allah ya sa albarka cikin neman kowa. Sai mako mai zuwa, in rai ya kai.