Da Ruwan Ciki A Kan Ja Na Rijiya

Ya 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina neman gafararku in faɗi ra'ayina bisa wata ɗabi'a da ta yi mana katutu a filin wasa. In mun fita da la'asar garin ƙwallo, ko kokawa, ko ɗaga ƙarfe, wanda duk ya nufi randa kafin a tashi sai a yi masa eho, a ce rago ne. Har akwai masu cewa wai ruwa shi ke kashe wa mutum jiki.

Ni ma dā haka na ɗauka, sai ran nan cikin bazara wani abokina, ƙaƙƙarfa wanda ba mai kā da shi, ya yanke jiki ya faɗi muna tsakiyar wasa. Muka ɗauke shi ranga-ranga. Da likita ya duba shi ya ce ba iska ba ce, ba kuwa sammu ba, ƙishirwa ce kurum. Kwana uku ya yi a kwance.

To, ga dalili. Jikin baligi wajen kashi 60 cikin 100 ruwa ne, tsoka kuwa da mu ke fahari da ita wajen kashi 75. In tsoka na aiki zafi ta ke yi, jiki kuwa ba shi da abin huce kansa cikin rana irin tamu wanda ya kai gumi. Mai wasa cikin zafi ya kan zub da gumi lita guda cikin sa'a guda, wani ma fiye. Gumin nan daga jini a ke ɗebo shi. In jini ya ragu sai zuciya ta dinga sauri don ta cika aikinta, jiki ya kasa hucewa, gaɓoɓi su mutu, kai ya ɗauki ciwo, hankali ya rabu. Masana sun ce in mutum ya rasa ruwa kamar kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ƙwazonsa ya fara raguwa ke nan. Watau ga mai kilo 60, lita guda da ɗan ɗori ta isa.

Kada ku ce mu kaɗai muka yi wannan kuskure. A 1904 an yi wasannin Olimfik a birnin St. Louis na Amurka. Aka sa mutum 32 tseren kusan mil 25 cikin rana da ƙura, aka kuwa ƙuntata musu ruwa da gangan, wuraren sha ba su wuce biyu ba. Mutum 14 kaɗai suka kai ƙarshe, wanda ya ci ma sai da aka tallafe shi. Turawa sun gani sun bari. A gasar ƙwallo ta duniya ta 2014 a Brazil har tsai da wasa aka yi don 'yan wasa su sha ruwa. Shin waɗannan ragwaye ne?

Shawarata ita ce, ba a fafe gora ranar tafiya. A sha ruwa tun da hantsi, a kuma kurɓa kaɗan-kaɗan cikin wasa. Mai son sanin abin da ya rasa ya hau ma'auni kafin wasa da bayansa, kowane kilo da ya ragu kamar lita guda ce. Wanda ba shi da ma'auni ya dubi fitsarinsa. In ya yi ja, kuma kaɗan ne, jiki na biyan bashi. A yi hattara da hunturu, gama iska na shanye gumi tun ba a gan shi ba. Da azumi kuwa a bar wasa mai wuya sai bayan shan ruwa, a yi ta sha a hankali har sahur.

Amma fa kada a wuce gona da iri. Wanda ya ɗura wa cikinsa ruwa fiye da kima ya kan tsinka gishirin jininsa, wannan ma na kisa. Ruwan kuma ya zama mai tsabta, in ana shakkarsa a tafasa.

Abin da ya fi damuna shi ne, gobe mu ne malamai. In muka fita da wannan ɗabi'a, yaran mutane za mu tsayar cikin rana mu hana su randa, muna cewa horo ne, alhali yaro ba ya iya musa wa malaminsa. Amana ce iyayensu suka ba mu. Saboda haka ina roƙon shugabannin wasa su sa a ajiye tulu a bakin fili kullum, kuma babban ɗan wasanmu ya zama shi ne mai fara sha, don ƙanana su daina jin kunya.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.

Naku,
Wani Ɗan Aji Huɗu