Mai baki a gona, kurma a aji

A hutun da ya gabata na je gida Matazu, na tarar da ƙanena cikin damuwa, domin malamin ɗansa mai shekara takwas ya ce yaron daƙiƙi ne. Da yamma na bi yaron gona. Kafin mu dawo ya bambance mini kaura da farfara, ya nuna mini ƙuduji a gindin dawa, ya kuma bayyana mini dalilin da ya sa ba a zuba taki sai ƙasa tana da laima. Da dare na buɗe littafinsa na Turanci, ya rero mini shafi guda da ka. Da na ɗora yatsa kan kalma ɗaya, sai ya yi shiru.

Masana ƙwaƙwalwa suna da bayanin wannan shirun. Binciken Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington a Amurka ya nuna cewa jariri yana iya bambance sautukan harsuna iri-iri, amma kafin ya cika shekara guda kunnensa ya karkata ga harshen gidansu. Magana takan zo wa yaro ba tare da makaranta ba. Karatu kuwa sai an koyar. Stanislas Dehaene na Faransa ya nuna cewa mai koyon karatu yana horar da wani sashe na gefen hagu na ƙwaƙwalwa, wanda ke gane siffofi, ya haɗa shi da sassan da ke kula da magana. Wato a kan harshen da yaro ya riga ya iya ake gina karatu. Idan aka fara masa da harshen da ba ya ji, an ɗora masa kaya biyu: gane haruffa da laluben ma'ana. Da nauyin ya yi yawa sai ya fake da hadda.

Tun tsakanin 1970 da 1978 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ife, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a dukkan ajujuwan firamare, sannan a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke tsarin, yana kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a manyan jarrabawa. Ina da ja a nan. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 bai ma gama firamare ba, balle ya zauna WAEC ko NECO. Ta yaya za a ɗora wa tsarin alhakin faɗuwar waɗanda ba su bi ta cikinsa ba?

Ba na jayayya da muhimmancin Turanci. Da shi nake neman abincina. Batun shi ne ta ina za a fara. Rubutun Hausa ya fi na Turanci bin furuci, saboda haka yaro kan kama shi da wuri, kuma dabarar haɗa baƙi da wasali tana bin sa zuwa harshe na biyu. Shirin RANA ya riga ya samar da littattafan karatun Hausa a Katsina da Zamfara. Ya rage ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma su tabbatar malamin aji ɗaya ya iya amfani da su. Iyaye kuma kada su raina tatsuniya da kacici-kacici, domin da su yaro ke tara kalmomi.

Kafin na bar Matazu na rubuta wa yaron sunayen amfanin gona guda goma, muna bin su gaɓa-gaɓa kowace yamma. Ranar da zan tafi ya karanta "masara" da kansa, ya ɗago kai ya tambaye ni yadda ake rubuta "auduga". Allah ya sa malaminsa ya ji irin wannan tambayar.