Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tsofaffin Kwamfutoci da Makarantun Jibiya

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, wato ya tsayar da aiko mata gyare-gyaren tsaro, sai fa ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Magajiyarta kuwa, Windows 11, a ƙa'idance ba ta hawa kan galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017. Wannan labari ya shafi gari irin Jibiya ƙwarai da gaske, domin kwamfutar da aljihun malami ko asusun makaranta ke iya saye a Katsina ko Maraɗi sau da yawa 'yar Kwatano ce, wadda ta riga ta yi shekaru tana aiki a ƙasashen waje. Abin tsoron shi ne a ɗauka cewa irin waɗannan injuna sun mutu, a jibge su a sito, alhali da sauran ƙarfinsu.

Bai kamata a yi wannan asara ba. Abin da ya dace shi ne a sauya musu babbar manhaja, wato manhajar da ke tafiyar da injin baki ɗaya, a ɗora musu Linux wadda kyauta ce, sannan a zuba musu manhajojin da ke kwaikwayon ƙananan kwamfutocin gida na shekarun 1980. Da irin waɗannan ne ɗalibin sakandare zai fi saurin gane yadda na'ura mai ƙwaƙwalwa take aiki.

Mece ce manhajar kwaikwayo?

Kowace kwamfuta tana da injin sarrafawa, kuma kowane irin inji da harshensa na lambobi. Alal misali, idan ana son injin 6502 ya ɗauki wata lamba ya riƙe, umarnin da ake ba shi shi ne 169. Injin Z80 kuwa da lamba 62 ake ba shi wannan umarni, kuma a wurinsa 169 wani aiki ne dabam. Saboda haka jerin umarnin da aka rubuta domin wancan, wannan ba zai fahimce shi ba, balle injin Intel na zamani.

Manhajar kwaikwayo tafinta ce tsakanin tsohon jerin umarni da sabon inji. Takan keɓe gurbi 65,536 a cikin ma'adanar sabuwar kwamfuta, domin iyakar guraben da 6502 da Z80 ke iya kira kai tsaye ke nan. Daga nan sai ta karanta lamba ta farko, ta duba ma'anarta a harshen tsohon injin, ta aikata abin da zai aikata, ta wuce zuwa ta gaba. Haka za ta yi ta yi sau dubu ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda, tana kuma kwaikwayon hoto da sauti da allon buga rubutu. Shi tsohon jerin umarnin bai san cewa injin da aka rubuta shi dominsa ya daɗe da barin kasuwa ba.

Wannan dabara ta girmi kwamfutocin gida. Tun a 1936 masanin lissafin nan na Ingila, Alan Turing, ya nuna cewa inji guda zai iya yin aikin kowane injin lissafi muddin an ba shi cikakken bayaninsa. A 1975 ma, lokacin da Bill Gates da Paul Allen suka rubuta BASIC domin kwamfutar Altair, ba su da ita a hannu. Kwaikwayon injinta suka yi a kan babbar kwamfutar Jami'ar Harvard.

Dalilin da ya sa manhajar kwaikwayo ke iya ƙaura daga wata babbar manhaja zuwa wata kuwa shi ne, kashi biyu gare ta. Cikinta, inda ake fassara lambobi, lissafi ne zalla, babu ruwansa da Windows ko Linux. Bayanta ne kaɗai ke neman izinin babbar manhaja domin ya zana hoto, ya fitar da sauti, ya kuma buɗe fayil. Idan aka sauya bayan, cikin yana nan daram. Shi ya sa Fuse mai kwaikwayon ZX Spectrum da VICE mai kwaikwayon Commodore 64, waɗanda aka fara rubutawa domin dangin Unix, suke aiki a kan Linux da Windows da kwamfutocin Apple.

Gado biyu a bakin iyaka ɗaya

Daga Magama ta Jibiya zuwa Ɗan Isa ta jihar Maraɗi tafiya ce kaɗan, kuma Hausa ake yi nan da can. Amma boko ya rabu biyu, wannan gefe da Ingilishi, wancan da Faransanci. Ƙasashen biyu da aka gaji bokonsu kuwa kowace ta yi nata yunƙurin na kai kwamfuta aji. A Ingila, kamfanin Acorn ya fitar da BBC Micro a ƙarshen 1981 domin shirin wayar da kai na gidan talabijin na BBC, ta kuma cika makarantun ƙasar. A Faransa, firayim minista Laurent Fabius ya ƙaddamar da shirin kwamfuta ga kowa a watan Janairun 1985, aka raba wa makarantu injuna kimanin 120,000, galibinsu ƙirar Thomson, irin su MO5 da TO7/70. Nijeriya ma ta tsara manufarta ta koyar da ilmin kwamfuta a 1988, sai dai injunan da suka isa makarantu ba su taka kara sun karya ba.

Duk waɗannan injuna da BASIC ake magana da su, harshen da John Kemeny da Thomas Kurtz suka ƙirƙiro a Kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1964 domin masu koyo. Kalmominsa, irin su PRINT da GOTO, iri ɗaya ne a kan BBC Micro da MO5. Wato malamin lissafi na Jibiya da takwaransa na Maraɗi suna iya musayar darasi ba tare da tafinta ba, bayanin a yi shi da Hausa. Abin da ɗaliban Landan da Faris suka samu shekara arba'in da suka wuce da kuɗin gwamnati, yau ana iya ɗauko shi a cikin filash guda.

Abin da ɗalibi zai koya

Babbar fa'idar waɗannan injuna ita ce ƙanƙantarsu. ZX Spectrum ta 1982 kilobayit 48 ne iyakar ma'adanarta, har hoton waya guda mai nauyin megabayit 3 ya ninka ta fiye da sau 60. Inji mai wannan girma ɗalibi yana iya saninsa ciki da waje. Da an kunna shi sai ya tsaya jiran umarni, babu gumakan latsawa, babu abin shagala. Yaro ya rubuta layi biyu, 10 PRINT "JIBIYA" da 20 GOTO 10, ya ba da umarnin RUN, nan take sunan garinsu ya cika fuskar kwamfuta. A minti biyar ya ga ma'anar umarni da maimaitawa da idonsa, gani kuwa ya kori ji.

Ga wani darasi da ya fi wannan armashi. Waɗannan injuna ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, amma sun yarda mai amfani da su ya zana nasa harafin. Kowane harafi ɗigo takwas ne a kwance, takwas a tsaye. Kowane layi lamba ce guda, inda ɗigon farko daga hagu ke da darajar 128, na biyu 64, haka ake ta rabawa biyu har zuwa 1. Idan ɗigo huɗu na tsakiya ne aka cike, sai a tara 32 da 16 da 8 da 4, a sami 60. Ɗalibin da ya zana ƙ a takarda mai gidaje, ya fitar da lambobinsa takwas, ya shigar, ya ga harafin harshensa ya bayyana, ya gama fahimtar lissafin sifili da ɗaya wanda ake ta haddacewa ba tare da an san amfaninsa ba.

Bugu da ƙari, akwai batun jarrabawa. Tsarin darasin kwamfuta na WAEC ya ƙunshi BASIC, kuma littattafai da dama da QBasic ko GW-BASIC suke ba da misali. Waɗannan na zamanin MS-DOS ne, kuma Windows mai bit 64 ba ta iya buɗe su da kanta. Malamai da yawa a allo kawai suke rubuta umarnin, ɗalibai su kwafa. DOSBox, wadda ta fito a 2002, tana kwaikwayon kwamfutar MS-DOS a kan Linux da Windows, haka ma PC-BASIC tana yin aikin GW-BASIC, kuma duka kyauta ne.

Sai kuma abin da mutanen Jibiya suka sani fiye da kowa. An rufe iyakar daga Agustan 2019 har zuwa Afrilun 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 zuwa Maris na 2024. A Satumban 2021 kuma an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, Jibiya na cikinsu. Darasin da ya dogara ga intanet ko ga zuwan sababbin kaya, ranar da aka rufe hanya ya tsaya cak. Manhajar kwaikwayo kuwa da zarar an ɗora ta, wutar da za ta kunna injin kawai take nema.

Ƙayoyin da ke kan hanya

Sauya babbar manhaja yana da nasa wahalhalu, kuma gara malami ya san su tun da wuri. Na farko shi ne batun ROM, wato ainihin manhajar da aka dasa a cikin tsohon injin, wadda sai da ita kwaikwayon ke tashi. Wannan dukiyar masu ita ce. Kamfanin Amstrad, wanda ya sayi kwamfutocin Sinclair a 1986, ya amince a raba ROM ɗin Spectrum tare da manhajojin kwaikwayo. Na Commodore kuwa rumbun Debian ba ya haɗa shi da VICE saboda haƙƙin mallaka. Don haka makaranta ta fara da Fuse da PC-BASIC, inda babu wannan tarnaƙi.

Na biyu shi ne sunayen fayiloli. Windows ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami, Linux kuwa tana bambantawa, har DARASI da darasi su zama abu biyu. Sau da yawa idan manhaja ta ce ba ta ga fayil ba, nan gizo ke saƙar. Na uku shi ne allon buga rubutu. Kwamfutar da ta fito daga ƙasashen Faransanci jerin haruffanta da AZERTY yake farawa, ba QWERTY ba, ita kuma Spectrum maɓalli 40 ne gare ta, kuma a cikinta latsa P sau ɗaya kan fitar da kalmar PRINT sukutum. Maganinsa a zana taswirar maɓallan a kwali, a liƙa a bangon aji. Na huɗu, wasu manhajojin domin Windows kaɗai aka yi su, kamar DCMOTO mai kwaikwayon injunan Thomson. A nan ana iya jarraba Wine, wadda ke fassara buƙatun manhajojin Windows ga Linux, ko kuma a koma ga MAME, wadda ita ma tana kwaikwayon MO5.

Abin da masu suka za su ce

Wani zai ce wannan komawa baya ne, duniya tana maganar Python da ƙirƙirarriyar basira, ana mai da yara zamanin kaset. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, domin babu kamfanin da zai ɗauki ma'aikaci saboda ya iya BASIC na Spectrum, kuma yawan amfani da GOTO ɗabi'a ce da masana suka daɗe da yin tir da ita. Haka nan tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, saboda haka ɗalibi yana buƙatar sabawa da injin zamani.

Amsar ita ce, kwamfutar da ke ɗauke da Linux injin zamani ce. A kanta ɗalibi zai koyi buga rubutu da riƙe linzami, ya yi aiki da LibreOffice, kuma Python na nan a cikinta tana jiransa. Zango ɗaya ko biyu na BASIC tsani ne kawai. Wanda ya gane ma'aji da sharaɗi da maimaitawa a ƙaramin inji, sauran harsunan ba za su ba shi tsoro ba. Tarihi ma shaida ne. Injiniyoyin Acorn, Sophie Wilson da Steve Furber, da harshen BBC BASIC suka gwada ƙirar injin ARM kafin a ƙera na farko a 1985, kuma jikokin wannan inji ne ke cikin kusan kowace wayar hannu da ake sayarwa a kasuwar Jibiya.

Shawara

Aikin bai fi ƙarfin makaranta ba. Shugaban makaranta ya sa a fito da kwamfutocin da aka jingine, a ware masu tashi. Malamin kwamfuta ya fara da guda ɗaya, ya kwashe muhimman takardun da ke cikinta tukuna, domin ɗora sabuwar babbar manhaja kan share abin da ke ciki, sannan ya ɗora mata mara nauyi irin su Lubuntu ko Linux Mint. Idan ya je Katsina inda intanet ke da ƙarfi, ya sauko da Fuse da DOSBox da PC-BASIC gaba ɗaya.

Manyan makarantu kuma suna da rawar takawa. Sassan nazarin kwamfuta na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Katsina, tare da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, suna iya ba ɗaliban ajin ƙarshe aikin haɗa filash guda mai ɗauke da waɗannan manhajoji da darussa goma ko goma sha biyu cikin Hausa. Idan aka yi shi sau ɗaya, kwafa kawai ya rage, kuma zai yi amfani a ɓangarorin iyakar biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: yaron da ya zana ƙ da lambobi takwas yana aji ɗaya na babbar sakandare, idan ya isa jami'a ba baƙo ba ne a gaban kwamfuta.